Kwanan Araha a Bakin Kogin Dawa: Wa Ya Ci, Wa Ya Biya?

Idan rani ya yi nisa a ƙasar Bauchi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna da ƙoramun dajin Yankari sai su riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari babu abin dogaro sai kogin Gaji da maɓuɓɓugan da ke shayar da shi. A lokacin ne giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza ke gangarowa fadama, zaki kuma ya biyo sawunsu. Shi ya sa duk mai niyyar gina masaukin baƙi a gandun namun daji, a Najeriya ne ko Zambiya ko Afirka ta Kudu, idonsa na kan ruwa. Inda dabba ke sha, nan mai kallo ke son ya kwana.

Babu mai musun wannan. Inda ake ja-in-ja shi ne batun farashi. Wasu sun ce masaukin bakin kogi ya zama mai sauƙin kuɗi, yadda malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye da ɗalibi za su iya kwana su ga abin da Allah ya halitta a ƙasarsu. Wasu kuma sun ce arahar nan ita ce ajalin dajin, domin takan jawo taron da kogin ba zai iya ɗauka ba, ta kuma bar masu tsaron dajin da aljihu wayam. Kowane ɓangare na da hujjar da ba a yi mata kallon raini, kuma kowanne na da ƙasar da zai nuna ya ce ga shaida.

Yankari ta dace a auna maganar da ita, saboda ita ce gandun da mutanenmu suka fi sani. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a ranar 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi abinta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga ƙofar shiga da ke Mainamaji sai an yi tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai kafin a isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana sama da ɗari suke, daga na manyan baƙi har zuwa na kwanan ɗalibai.

Hujjar masu son araha

Hujjarsu ta farko ta mallaka ce. Wannan makeken fili da aka hana noma, aka hana kiwo, aka hana farauta da saran itace a cikinsa, da sunan jama'a aka hana. To idan mutumin Alkaleri ko na Gombe ko na Kano ba zai iya biyan kuɗin kwana ɗaya a ciki ba, da wane baki za a ce masa dajin nasa ne? Gani ya kori ji. Yaron da ya san giwa a tatsuniya kawai, ba shi da abin da zai ji ya rasa ranar da aka ce ta ƙare. Wanda kuwa ya taɓa zama a bayan motar kallo da sassafe, ya ga garke ya ratso hanya, uwa ta tsaya tana kaɗa kunnuwa har sai da 'ya'yan suka gama tsallakawa, wannan ba ya mantawa. Cikin yaran da makarantu ke kaiwa ziyara a yau ne za a sami kansila da kwamishina da ɗan majalisar da za su zauna kan kasafin kuɗi gobe, su yanke ko a biya masu sintiri albashi ko a yanka dajin a raba gonaki.

Ko ruwan Wikki kaɗai ya isa hujja a wurinsu. Daga sansanin ake gangarawa ta matakala mai tsawo, sai ga ruwa na fitowa daga gindin wani jan dutse, garau, har ana hango farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafar mai wanka. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma an ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Manyan itatuwa sun yi masa rumfa, birai na leƙe daga rassa. Masu son araha suna tambaya: irin wannan baiwa, wa ya isa ya ce sai mai dala ne zai shiga?

Hujja ta biyu suna ɗauko ta daga Afirka ta Kudu. Gandun Kruger, wanda aka kafa a 1926, ya ninka Yankari faɗi fiye da sau takwas, kuma ƙashin bayansa sansanonin gwamnati ne masu sauƙin kuɗi da aka jera a bakin koguna: Skukuza da Lower Sabie a kan kogin Sabie, Letaba da Olifants a kan kogunan da suka ci sunansu. Mutum kan zo da motarsa da tantinsa da tukunyarsa, ya biya kuɗin fili, ya dafa abincinsa. Kafin annobar korona, baƙin da ke shiga Kruger a shekara sun haura miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu 'yan ƙasa, kuma daga kuɗin yawon buɗe ido hukumar gandayen ƙasar ke samun kaso mafi tsoka na abin da take gudanar da aiki da shi. Ga araha, ga taro, ga dabbobi kuma suna nan.

Ta uku ita ce inda kuɗin ke faɗawa. Baƙon masaukin alfarma yakan biya kuɗinsa tun yana ƙasarsu, a ɗauko shi a ƙaramin jirgi a sauke shi a tsakiyar daji, ya ci abincin da aka shigo da shi daga nesa, ya koma bai taɓa gaisawa da mai shayin bakin hanya ba. Masanin nan na Jami'ar Botswana, Joseph Mbaiwa, ya daɗe yana rubutu kan yadda yawon buɗe ido a fadamar Okavango ya zama killataccen abu, mafi yawan kamfanonin na 'yan waje, riba na fita, 'yan ƙasa na ƙananan ayyuka. Shi kuwa mai ƙaramin ƙarfi a mota yake zuwa. Zai sha mai a Bauchi, ya tsaya ya ci masa, ya sayi lemo da gyaɗa a Dindima, ya yi facin taya a hanya. Kuɗinsa kaɗan ne, amma hannuwa da yawa yake taɓawa kafin ya ƙare.

Ta huɗu, baƙon nesa ba abin dogaro ba ne. A 2020, da korona ta rufe filayen jiragen sama, gandayen da suka jingina da Turawa sun ga tasku: an sallami ma'aikata, sintiri ya ragu, masu ɗana tarko suka samu sarari. Har Ruwanda, uwar masu tsada, sai da ta sassauta wa 'yan ƙasarta kuɗin kallon gorila zuwa dala 200 a wannan lokaci. Mu a nan yankin ba ma sai an yi annoba ba. Sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci cewa hanya ba lafiya ta isa ta ɗauke ƙafar baƙi shekara da shekaru. Harin da aka kai a Kure ta Jamhuriyar Nijar a watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin kallon raƙuman dawa, ya nuna haka, kuma rashin tsaro ya durƙusar da ziyarar gandun W da ke bakin kogin Kwara. Ɗan gida shi ne ke dawowa da zarar ƙura ta lafa, kuma ɗakin da ya fi ƙarfin aljihunsa ba zai shiga ba.

Suna kuma ƙarawa da cewa dajin da babu mai shiga, na mafarauta ne. Hanyar da motar kallo ke bi safe da yamma, mai harbin sata ba ya son kafa zango kusa da ita.

Hujjar masu adawa

Su kuma waɗannan da lissafi suke farawa. A ɗauka, a matsayin misali, baƙo ɗaya ya biya dala 1,000 a dare, ga kuma wasu mutum hamsin kowanne ya biya dala 20. Kuɗin da ya shiga asusu ɗaya ne. Amma na biyun sun sha ruwan mutum hamsin, sun shiga bayan gida sau hamsin, sun bar ledoji da robobin mutum hamsin, kuma motoci da yawa ne za su kwashe su zuwa kallo. Dabba ba ta san nawa aka biya ba, ƙafafu da ƙarar inji kawai take ji. A kan wannan tunani Botswana ta gina manufarta ta 1990, ta baƙi kaɗan masu biya da yawa. Ruwanda ma tun 2017 take karɓar dala 1,500 a hannun baƙon nesa da zai kalli gorila, mutum takwas kacal ga kowane iyalin birai a rana, sa'a ɗaya tak. Gorilan tsaunuka da aka yi fargabar za su ƙare, yanzu adadinsu ya haura dubu.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin a kan kogin kansa take. A rani, kogi a gandun daji tamkar rijiya ɗaya ce a gari: wanda ya kafa rumfa a bakinta ya tare wa kowa hanya, ko da bai yi nufin haka ba. Gaɓar da ta yi wa mai gini kyau, mai inuwa, mai gangare a hankali, ita ce dai mashayar da dabbobi suka saba bi tun kaka da kakanni. Dorina wuni take yi a ruwa, da dare ta fito kiwo ta hanyoyin da ta riga ta tattake, ta yi tafiyar kilomitoci ta dawo kafin gari ya waye. A dasa ɗakuna a kan hanyar nan, a kunna janareta, a haska fitilu, a saki kiɗa, sai dabba ta zaɓi ɗayan biyu: ko ta saba da mutum, wanda shi ne mafarin haɗari, ko ta kauce ta nemi ruwa da abinci a wani wuri. Wani wurin kuwa sau da yawa gonar wani bawan Allah ce a bakin iyaka.

Suna kawo Masai Mara ta Kenya a matsayin gargaɗi. Duk shekara, lokacin da garken dabbobi sama da miliyan ɗaya ke ƙaura daga Serengeti su tsallake kogin Mara, akan ga motoci birjik sun yi cincirindo a gaɓa, wani lokaci har su toshe wa dabbobin wurin hawa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da babu mai kamo ta a gudu, matan da ke zaune inda motocin kallo suka yi yawa da ƙyar suke raya ɗa, alhali takwarorinsu na wuraren da babu cunkoso suna raya fiye da biyu. A 2024 sai da hukumomin yankin suka ɗaga kuɗin ƙofa ga baƙin waje zuwa dala 200 a rana a lokacin hada-hada.

Sai batun abinci da shara. Duk wanda ya san sansanonin daji ya san gwaggon biri. Yana zaune a gefe kamar ba ruwansa, yana sosa ciki, idonsa kuwa na kan ledar da ke hannun yarinya. Kafin a ce kwabo ya warce ta, ya haye rufin ɗaki, ya yage burodin yana ci yana kallon mai shi. Ya koyi murɗa mariƙin ƙofa, ya san ƙarar buɗe but ɗin mota, ya kuma gane cewa mata da yara sun fi saurin sakin kaya. Mutane na dariya suna ɗaukar hoto, wasu ma da hannunsu suke miƙa masa biskit. Ƙarshen irin wannan sabo ba ya daɗi: birin da ya daina tsoron mutum wata rana zai yi cizo, kuma shi za a harbe. Masanin birai Robert Sapolsky ya ba da labarin yadda, a farkon shekarun 1980 a Kenya, wani garken da ya daɗe yana nazari ya koma cin abinci a jujin wani masaukin baƙi, suka ci naman da ke ɗauke da tarin fuka, manyan mazan garken da yawa suka mutu. Ba bindiga ba tarko, juji ne ya kashe su.

Hujja ta huɗu, araha ba ta ado. Tafiyar da masauki a tsakiyar daji ya fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba. Man janareta, buhun shinkafa, ƙwan fitila, mai gyaran famfo, komai sai an yo jigilarsa daga nesa. Idan kuɗin ɗaki bai kai abin da ake kashewa ba, sai rufi ya fara yoyo, gidan sauro ya yage a bar shi, famfo ya ƙafe, motar kallo ta kwanta babu kayan gyara. Daga nan a jira wata gwamnati ta zo ta zuba maƙudan kuɗi a yi kwaskwarima, a yanka ƙyalle, bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya. Mafi muni, babu rarar da za ta kai ga masu sintiri, waɗanda ke kwana a daji da garin kwaki a jaka suna fuskantar mafarauta masu bindiga, har wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Kuma kogi ba abokin wasa ba ne. A farkon watan Mayun 2024 kogin Talek ya yi ambaliya a Masai Mara, ruwa ya shanye masaukai da dama, aka kwashe baƙi da ma'aikata da jirage masu saukar ungulu. Kruger ma ta sha irin wannan a 2000 da 2013. Ga kada, ga dorinar da ba ta yafe wa wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, ga sauro da ƙudan tsando. Masaukin da ke neman rage kashe kuɗi, abin da yakan fara zaftarewa shi ne mai gadin dare da ƙwararren jagora, wato daidai abubuwan da ke tsare ran baƙo.

Ta ƙarshe ita ce idon maƙwabta. Makiyayin da aka kora daga kogi a tsakiyar rani, shanunsa na kukan ƙishirwa, yana ji yana gani motocin 'yan birni na wucewa za su je wanka. Manomin da giwaye suka shiga gonarsa dare ɗaya suka share masa dawar shekara, an ce masa kada ya kuskura ya taɓa su. Idan kuɗin da baƙi ke biya bai isa ko gyaran ɗaki ba, ina za a sami na rijiyar burtsatse ko na ɗakin shan magani a ƙauyensa? Ashe dai shi ne ke biyan cikon arahar da wasu ke morewa.

Idan aka ɗora su a sikeli

Maganar masu tsada tana da rauni a wuri biyu. Na farko, ba kowane daji ke da hajar da za a sayar dala dubu ba. Gorilan tsaunuka a ƙasashe uku kawai ake samunsu, Ruwanda da Yuganda da Kwango, don haka mai son gani dole ya biya. Yankari kuwa giwayenta an ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba, duk da cewa suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, zakunanta 'yan kaɗan ne, dajin kuma yana da duhu, ta yadda baƙo na iya yin fita biyu bai ga giwa ba. Attajirin da ke da zaɓi tsakanin Serengeti da Okavango da wuya ya bar su ya zo nan. A tsauwala farashi a irin wannan wuri, an kori ɗan gida, baƙon kuma bai zo ba, an yi biyu babu.

Na biyu, misalin Masai Mara da suke kafa hujja da shi, a kansu yake komawa. Mara ba wurin araha ba ne. Da yawa cikin motocin da ke toshe bakin kogi daga masaukai masu tsada suke fitowa. Abin da ya jawo cunkoson shi ne an bar gine-gine sun yi ta tsirowa ba tare da an tsaya kan iyaka ba, direbobi kuma na rige-rigen faranta wa baƙo don samun na goro. Ashe tsada kaɗai ba ta hana ɓarna.

Masu araha ma akwai inda suke tsallake gaskiya. Ba duk wanda ya shiga daji ke fitowa da ƙaunarsa ba. A lokutan Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, da yawa wanka da shagali ne ke kai su, su zo da lasifika, su tafi ba su taka motar kallo ba, ba su leƙa gidan tarihin da ke sansanin ba, ba su ji labarin kogunan dutse na Marshall ko rijiyoyin Dukkey ko tsofaffin matoyan ƙarfe da ke cikin dajin ba. Kruger ɗin da suke yabo kuwa, ba araha ce kaɗai ke riƙe da ita ba, tsauri ne. Sansanoninta a kewaye suke da shinge. Ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, wanda ya makara a ci shi tara. Gudun mota ba ya wuce kilomita 50 a kwalta, 40 a burji. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka ware, ba a ba dabba abinci, kuma a ranakun hutu akwai adadin masu wuni da kowace ƙofa ke karɓa, ya cika a rufe. Bayan kuɗin ɗaki akwai kuɗin kiyaye daji da ake biya kullum, wanda ɗan ƙasa ke biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da baƙon ƙetare ke biya. Mai son ya kwaikwayi farashin Kruger sai ya haɗa da dokokinta.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu sun cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: nawa ne kuɗin gado, gadaje nawa ne, kuma a ina aka ajiye su. Na farkon ne kaɗai ya shafi aljihun baƙo. Sauran biyun su ne suka shafi dabba. Ana iya yin ɗaki mai sauƙin kuɗi, mai tsabta, da gidan sauro da wutar sola da ruwan wanka, ba tare da an ƙara yawan ɗakunan ba, kuma ba tare da an dasa su a kan mashaya ba. Waɗanda suka zaɓi mazaunin sansanin Wikki sun yi hangen nesa a nan, domin a kan tudu suka ɗora shi, suka bar fadamar Gaji ga masu ita. Baƙo ya kwana a sama, ya gangara kallo da jagora, ya dawo. Wanda ya nace sai ya buɗe taga ya ga dorina a ƙarƙashinsa, to irin wannan gado ya zama 'yan ƙalilan, kuma shi ne ya cancanci a tsauwala wa kuɗi, domin wurin da ya ci na dabbobi ne.

Don haka ra'ayina ya karkata ga masu araha, amma da sharuɗɗan masu adawa. A gandayenmu, inda babu layin attajiran ƙetare da ke jiran shiga, kuma babban abin da ke barazana ga daji shi ne jama'a su ɗauke shi filin banza, rufe ƙofa ga talaka kuskure ne babba. A bar ɗaki da sauƙi. Amma a ƙayyade yawan masu kwana da masu wuni, musamman a bukukuwa, a riƙa kama ɗaki tun kafin a taso. A hana kiɗa da dare, a hana ba biri abinci, a fitar da shara daga dajin ɗungurungum. A raba kuɗin ɗaki da kuɗin kiyaye daji, na biyun ya bambanta tsakanin ɗalibi da ɗan ƙasa da baƙon waje, kuma ya tafi asusun sintiri kai tsaye ba tare da ya biya ta baitulmali ya ɓace ba. Haɗin gwiwar da Jihar Bauchi ta ƙulla da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 kan tsaron Yankari ya nuna cewa idan masu sintiri suka sami abinci da kayan aiki da alawus a kan kari, kashe giwaye don haure yana raguwa ƙwarai.

Sannan a yanka wa maƙwabta rabonsu a rubuce, ba a bakin alkawari ba. Dokar Yuganda ta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ƙofa ga al'ummomin da ke kewaye da gandayenta. Ruwanda na ba su kashi 10 cikin ɗari na kuɗaɗen da gandayen ke samu. A Afirka ta Kudu, mutanen Makuleke da aka tasa daga arewacin Kruger a 1969 sun karɓi ƙasarsu a 1998, suka amince ta ci gaba da zama daji, masaukan da ke cikinta na biyan su. Babu abin da ya hana a yi irin wannan da ƙauyukan da ke zagaye da Yankari ko Gashaka Gumti ko Kainji, a kuma ɗauki 'ya'yansu aikin jagora da girki da tuƙi da sintiri, a sayi kaji da kayan miya a hannunsu.

Wannan tsari zai sa kwanan ya ɗan fi na yanzu tsada, kuma wani zai zo ranar Sallah a ce masa wuri ya cika. Wasu za su yi gunaguni, su ce an fara nuna bambanci. Amma kowane dare da aka kwana a bakin kogin dawa akwai wanda ya biya cikakken kuɗinsa. In ba baƙo ba ne, to mai sintirin da ba a ba albashi ba ne, ko manomin da ya rasa amfanin gonarsa, ko giwar da aka tare wa mashaya. Cikin waɗannan huɗu, baƙo ne kaɗai ya zo da ƙafarsa don jin daɗi, saboda haka shi ya fi dacewa ya ɗauki ƙarin.